Hular jarumi da gugan Ayana: me ƙananan kaya ke faɗa a fim ɗin kasada?

Mai Gyaran Rediyo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai maganar da na kwana da ita, na ce bari in kawo ta nan mu tattauna. Jiya muna zaune a fada, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, ana kan shayi na biyu, yara suka kunna tsohon fim ɗin nan na Indiana Jones, wanda ya fito a 1984. Akwai wurin da ƙofar dutse ke saukowa za ta rufe, jarumin ya riga ya tsira, sai ya mai da hannu ya fizgo hularsa da ta faɗi, saura ƙiris ƙofar ta datse masa hannu. Wani yaro ya ce wannan wauta ce, wa zai ba da hannunsa saboda hula? Aka yi ta gardama har shayin ya huce.

Ni ban ga wauta ba, kuma ga dalilina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fatauci ya yi tsakanin Maraɗi da Kano tun kafin a haife ni. Yana da wata zabira ta fata, asalinta ja ce, gumi da rana suka mai da ita baƙa-baƙa. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: allura da zare, ɗan goro, asawaki, da wata takarda da yake rubuta bashi da ajami. Sau biyu maratayinta na tsinkewa, sau biyu yana kai wa baduku. An sha kawo masa jaka sabuwa tsaraba, ya karɓa ya yi godiya ya ba yara. Ranar da ya rasu innarmu ta daure, ta karɓi gaisuwa ba hawaye, sai da dare da ta shiga ɗakinsa ta ga zabirar rataye a ƙusa. Nan ta durƙushe.

To abin da nake gani ke nan a fim ɗin kasada. An raba mutum da gidansa, an jefa shi daji ko teku ko ƙasar da bai san kowa ba. Duk abin da ke kewaye da shi baƙo ne. Ɗan abin da ke hannunsa shi kaɗai ya san shi tun da. In ya bar hular a bayan ƙofa, wani ɓangare nasa ya bari. Me kuka gani?

Ɗan Kabu-kabu:
Wa alaikumussalam yaya. Allah ya jiƙan Baba. Amma gaskiya ni ina ganin kun ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba. Mafi yawan kayan nan talla ce. Ka dubi fim ɗin mutumin da jirgi ya faɗi da shi tsibiri, Cast Away, na shekarar 2000. Ƙwallon da ya mai da aboki, sunan kamfanin da ke ƙera ta ya sa mata, Wilson. Kwalayen da teku ta turo masa duk tambarin FedEx ne. Mu muna share hawaye, su suna ƙirga kuɗi.

Mai Gyaran Rediyo:
Amin ƙanena. Ba na musun akwai kasuwanci a ciki, fim sana'a ce. Amma amsa mini wannan tsakaninka da Allah: lokacin da ƙwallon ta faɗa ruwa, igiyar ruwa na janta, yana kiran sunanta yana ba ta haƙuri, kamfanin ka tuna ko mutumin?

Ɗan Kabu-kabu:
Mutumin na tuna, ba zan ɓoye ba. Amma hakan bai hana ta zama talla ba.

Malamar Lakwal:
Ku bari in shiga tsakani. Duk biyun na iya zama gaskiya, amma akwai abin da ya kamata a lura da shi a ƙwallon nan. Lokacin da ya fito da ita daga kwali sabuwa fil, ba ta da wata ma'ana, ya ajiye ta gefe. Sai da ya ji ciwo a hannu wajen neman kunna wuta, ya ɗauke ta cikin fushi ya yi jifa, jininsa ya bar shatin tafin hannu a jikinta, sannan ya zana mata fuska a cikin jinin. Daga nan ta zama wani. Shekara huɗu ya yi a tsibirin, kuma mai kallo na gane tsawon lokacin daga jikin ƙwallon, yadda ta koɗe ta yage har ya cusa mata ciyawa a ka kamar gashi. Kamfani ya ba da ƙwallo, jini da shekarun kuwa na labarin ne.

Wani marubucin wasan kwaikwayo ɗan Rasha, Anton Chekhov, wanda ya rasu a 1904, yana da ƙa'idar da masu rubutun fim ke karantawa har yau. Ma'anarta ita ce in ka rataya bindiga a bango a farkon wasa, to dole ta tashi kafin a gama, in ba haka ba kada ka rataya ta. Ina koya wa ɗalibaina wannan in za su rubuta labari, amma misalin da nake ba su na gida ne.

Ku tuna labarin Bayajida. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce babu, sai Juma'a ake ɗiba saboda macijin da ke rijiyar Kusugu. Me ya roƙa? Guga. Ita ya zura, macijin ya riƙe, ya jawo shi sama ya sare kansa da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. A wata ruwayar har takalminsa ɗaya ya bari a bakin rijiya, da shi aka gane wanda ya yi aikin bayan masu ƙarya sun yi ta iƙirari. Guga, wuƙa, takalmi. Babu wanda ba ya gidan kowa a garin nan. Kuma guga ta tsohuwa ce, aro ya yi, wato baƙo ya ceci gari da kayan mutanen gari. Kakanninmu sun san wannan dabara tun ba a ƙirƙiro kyamara ba.

Baba Tsohon Direba:
Allah shi yi maki albarka ɗiyata, kin tuna mani da abin da na manta. Ni ba ni da karatun boko, amma sinima na sha kallo tun ina yaron mota. Fim ɗin Indiya da ba ni mantawa shi ne Sholay, na 1975. Abokai biyu, ɗaya Amita ɗaya Darmendra. Duk sadda za su yanke shawara, Amita shi ka fiddo kwabo ya jefa sama, kuma kullum abin da ya zaɓa shi ka fitowa. Muna ta dariya muna cewa mai sa'a ne. A ƙarshe ɓarayi sun kewaye su, harsashi ya kusa ƙarewa, dole ɗaya shi tsaya ɗaya shi tafi neman gudummawa. Aka jefa kwabo, tsayawa ta faɗa kan Amita. Ya tsaya, aka kashe shi. Sai abokin ya ɗauki kwabon nan ya juya, ya ga fuska biyun iri ɗaya ne. Ashe tun farko ba sa'a ba ce, shi ka zaɓa, kuma ranar nan mutuwa ya zaɓa don abokinai shi rayu.

Wallahi daren da na fara ganin wurin nan, sinima ta yi tsit, manyan ƙarti na share ido. Kuma ba wanda ya tsaya ya yi muna bayani. Kwabon suka nuna, muka gane.

Mai Gyaran Rediyo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan misalin ya fi nawa. Abin da ya fi burge ni shi ne kwabon ya sa ka koma baya ka sake auna duk fim ɗin. Duk wurin da ka yi dariya a baya, yanzu ya zama wani abu dabam.

Baba Tsohon Direba:
Hakanan ne ɗana. Kuma tun da ana maganar kaya, ni in za a yi fim ɗin tafiyar hamada, salka nika so in gani. Na yi shekaru ina hanyar Agadas da babbar mota. Salka muka ratayawa a jikin mota, ta waje. Fatar akuya ce, ruwa na ɗan tsattsafowa ta jikinta, iska na bugu, sai ka sha shi da sanyi ana tsakiyar zafi. Direba in ya sauko, kafin shi dubi taya, salka yaka fara taɓawa. In ta cika tim hankali kwance. In ta fara yaushi, hira ma raguwa taka yi cikin mota. Ka nuna mani salka ta lotse a fim, ba sai kowa ya ce akwai matsala ba.

Ɗaliba daga Jami'ar Ɗan Dikko:
Ina gaida iyaye da yayye. Na ga ana ta kawo misalan Amurka da Indiya, alhali ɗaya daga cikin fina-finan da suka fi yin magana kan wannan batu a ƙasarmu Nijar aka yi shi. A 1966 Mustafa Alhasan, wanda ya zauna a Tawa kuma ya rasu a 2015, ya yi wani gajeren fim, Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Suna sa kayan suka canza sunaye, suka hau dawakai, suka shiga sata da faɗa da raina dattawa, har abin ya kai ga zub da jini. A nan Zalika Sule ta fara fitowa a fim.

Abin da na fahimta shi ne kayan ba su tsaya ga nuna halin mutum ba, suna iya ɗora masa hali. Yaran nan ba ƴan ta'adda ba ne kafin akwatin ya iso. Hular ta zo da labarinta daga sinima, wanda ya sa ta sai ya ga dole ya yi abin da masu irinta ke yi. Don haka yaya Mai Gyaran Rediyo, na yarda da kai rabi. Wani lokaci kaya gida ne da mutum ke tafe da shi. Wani lokaci kuma baƙon abu ne da ke raba shi da gidan.

Mai Gyaran Rediyo:
Ƙanwata, na karɓi gyara. Ban taɓa ganin fim ɗin ba, kuma abin ya dame ni, a ce na san hular Ba'amurke ban san ta ɗan ƙasata ba. Zan neme shi.

Ɗan Kabu-kabu:
To wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don muna gani a titi. Yaro ya sa baƙin gilashi da safar hannu irin ta fim, tuƙinsa ma canzawa yake. Ya tuna mini da fim ɗin kwalbar Coca-Cola, na 1980, wadda matuƙin jirgi ya jefo a hamadar Kalahari. Mutanen suna zaune lafiya, kwalba ta faɗo, wannan ya daka da ita, wancan ya busa ta, har aka fara faɗa saboda guda ɗaya ce tak. Ƙarshe mutum ya ɗauke ta ya kama hanyar ƙarshen duniya don ya jefar.

Malami daga Tibiri:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma na ƙaru. Amma akwai inda nake son a yi hattara. Fina-finai da yawa, na waje da namu, suna nuna jarumi da zobe ko laya ko wani abin wuya wanda in yana jikinsa ba a cin nasara a kansa, in ya faɗi ya zama ba kowa ba. Yara na kallo. A hankali zuciya na koyon cewa tsari na cikin abu, alhali Allah ne mai tsarewa. Ina tsoron wannan sha'awar kaya da muke yabawa ta zama ƙofa.

Malamar Lakwal:
Malam, Allah ya gafarta, tsoronka na kan hanya, kuma ni ma uwa ce. Sai dai ina ganin iri biyu ne. Akwai abin da labari ya ce yana da ƙarfi a karan kansa, kamar zoben sihiri, wannan shi kake nufi. Akwai kuma abin da ba shi da ƙarfin komai, mutum ne ya ba shi daraja saboda wanda ya ba shi ko wahalar da suka sha tare. Guga ba ta kashe maciji ba. Kwabon da Baba ya faɗa bai hana harsashi ba, mai shi ma mutuwa ya yi. Zabirar mahaifin ɗan uwanmu allura ce a ciki da goro. Irin wannan na biyun, a ganina, tunawa da mutane yake koyarwa.

Malami daga Tibiri:
Na gamsu da rarrabewar Malama. In dai a nan aka tsaya ba ni da ja. Roƙona ga masu shirya fim shi ne su san wanne suke yi, kada su cakuɗa.

Uwar Ƴan Biyu:
Ni tambaya gare ni. Hula, bulala, kwabo, bindiga, salka, duk kayan maza ne. Mata ba su yin tafiyar kasada? Kakata ta ba mu labarin shekarar yunwa da suka taka da ƙafa daga arewacin Dakoro zuwa nan, da goyo a baya da ƙwarya a ka. Ƙwaryar nan na nan gidanmu, ta fashe an ɗinke ta wuri uku. Da ita suka sha ruwa, da ita suka roƙi hatsi, da ita ta rufe kan jariri in rana ta take. Duk sanda ta ba da labarin sai ta ce a ɗauko mata ita, tana magana tana bin ɗinkin da yatsa. In akwai mai neman labarin kasada, ga shi nan, ba sai an je Amurka ba.

Mai Kyamara:
Na yi shiru ina karatu saboda maganar ta shafe ni kai tsaye. Ina ɗaukar biki da suna, kuma mun yi ƙananan fina-finai biyu da abokaina nan Maraɗi. Zan faɗi laifinmu da bakina. Mu da baki muke ba da labari. In jarumi na kewar mahaifinsa, zaunar da shi muke ya yi minti biyar yana faɗa. Ba mu taɓa tunanin a ba shi carbin mahaifin ya riƙe ba.

Kuma ko mun tuna da kaya, ranar ɗauka ake aika yaro babbar kasuwa ya sayo. Mun taɓa yin fitowar mafarauci wanda aka ce ya shekara ashirin a daji. Malfar da ke kansa da safen aka saye ta jaka biyu, tana ƙyalli, ko gumi bai taɓa ta ba. Da muka nuna fim ɗin, wani dattijo ya ce wannan mafaraucin bai taɓa shiga ƙaya ba. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa. A manyan masana'antun fim akwai mutanen da aikinsu ke nan kawai, tsufar da kaya. Su murje, su goge, su shafa ƙura, kuma su tanadi abu ɗaya kwafi da yawa, wannan na farkon tafiya, wannan na tsakiya, wannan na ƙarshe. Mu mutum ɗaya ne mai kyamara, shi ne mai haske, shi ne mai neman abincin ƴan wasa.

Baduku:
Ɗana mai kyamara, wannan ba matsalar kuɗi ba ce, ba ku tambaya ne. Fata aikina ce tun ina yaro, gado na yi. Fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, in kana son ta tsufa, ka shafa mata man gyaɗa kaɗan, ka murza da toka, ka bar ta a rana kwana biyu ko uku, ka lanƙwasa ta inda hannu ke lanƙwasawa. Amma sirrin na ga sanin inda abu ke cinyewa. Zabira ba ta tsufa gaba ɗaya. Bakinta ke fara baƙi saboda yatsu, gefen da ke gugar haƙarƙari ya yi santsi, maratayi ya sirance daidai kafaɗa. In ka ɓata ta ko'ina daidai wa daida, mai ido zai gane ƙarya ce. Ni da na ga zabira zan faɗa maka mai ita bahago ne ko ba bahago ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Allahu akbar. Baba baduku, mahaifina bahago ne, kuma yanzu na tashi na je na duba. Gefe ɗaya ne ya yi santsi kamar yadda ka ce. Shekara nawa ina ganin zabirar nan ban taɓa lura ba.

Ɗaliba daga Jami'ar Ɗan Dikko:
To ga fim ya haɗu a nan ba mu sani ba. Ɗa ya bi hanyar fataucin mahaifinsa, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, da zabira da takardar bashi ta ajami, yana neman mutanen da aka rubuta sunayensu. Wani ana binsa, wani shi ke bi. Kowane suna zango ne.

Ɗan Kabu-kabu:
In za a yi, ni zan kai ku har iyaka kyauta. Sharaɗina ɗaya, kada a manna wa zabirar tambarin kowa.

Mai Kyamara:
Yaya Mai Gyaran Rediyo, da gaske nake. Ko za ka ara mana ita? Na yi alkawarin riƙe ta amana.

Uwar Ƴan Biyu:
Kada ka yi saurin amsawa ɗan uwa. Wasu masu wasan kwaikwayo sun taɓa aron tabarmar kaba da tulun surukata, tulun ya fashe a hanya, suka kawo mata sabo mai kyau suna ganin sun biya. Ta karɓa don kunya, amma har ta rasu ba ta zuba ruwa a cikinsa ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Na gode yaya. Ba tawa ba ce ma balle in bayar, ta innarmu ce. Na je na same ta bayan magariba na karanta mata duk abin da aka rubuta a nan, har da na Baba direba da na ƙwaryar kakarki, wanda ta sa na maimaita mata. Ta ce zabira ba za ta fita gidan ba. Amma ta ce Baba baduku ya zo ya gan ta, ya auna, ya ɗinka irinta, mai kyamara kuma ya ɗauki hotonta a inda take rataye. Takardar bashin kuwa ta ce ba za a buɗe wa kowa ba, don akwai sunayen mutanen da mahaifinmu ya yafe wa tun yana raye, kuma ƴaƴansu na nan cikin gari.

Baduku:
Ta yi daidai. Ka gaishe ta. Ka ce mata ina nan tafe ranar Juma'a bayan la'asar, zan zo da fata biyu ta zaɓi wadda ta fi kama da launinta na farko, tunda ita ta san ta tana sabuwa.